An Gama, In Ji Allo

Ina da wani aboki, Munzali, sana'arsa rubuta manhajar waya da ta kwamfuta. Mutum ne mai nauyin baki. In ka ji muryarsa a majalisa, to shayi ne ya ƙona masa harshe. Amma ranar da ya ba mu labarin manajansu, har mai shayi sai da ya sauke butarsa ya jawo benci.

Kamfaninsu ɗan ƙarami ne, a saman wani bene cikin Kano, ƙasansu masu gyaran fanka ne. Mai kamfanin, Alhaji Mudi, asalinsa dillalin kwanon rufi ne. Wani ne ya raɗa masa cewa arzikin zamani ya koma cikin waya, shi kuwa ya kama ɗaki, ya sayi kwamfutoci, ya ɗebo matasa masu ilimin abin ya zuba a ciki. Da farko da baki suke raba aiki. Wannan ya ce shi zai yi kaza, waccan ta ce ita za ta yi kaza. Sai a wayi gari mutum biyu sun kwana uku-uku a kan aiki ɗaya, wani aikin kuma kowa na zaton ɗan'uwansa ne ke yi, alhali ko kare bai shinshina shi ba.

Da ƙorafi ya yi yawa, Alhaji ya kawo musu manaja. Sunansa Jazuli, ɗan ƙanwar matarsa ne. Ya je wani kwas a Abuja kan yadda ake tsara aiki, ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi da kwat ɗin da ba ya cirewa ko garin ya kai zafin tanda.

Ranar da ya fara aiki ya sa aka kafa wani ƙaton farin allo, bango guda. Ya ja masa layi ya raba shi gida uku. Gidan farko ya rubuta "Za a yi", na tsakiya "Ana yi", na ƙarshe "An gama". Ya fito da 'yan takardu masu launi-launi da ake mannawa, ya ce sunansu kati. Kowane aiki a rubuta shi a kati ɗaya da sunan mai yinsa, in an fara a matsar da shi tsakiya, in an kammala a kai shi ƙarshe.

Munzali ya ce tsakani da Allah, da farko abin ya yi amfani. Kowa ya san nasa, ba a sake yin karo a kan aiki ɗaya ba. Har suka fara cewa ashe dai kwat ɗin ba a banza take ba.

Alhaji Mudi ne ya ɓata lamarin, shi ma ba da niyya ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan hawo benen yana haki, ya tsaya gaban allo. Bai san abin da ke rubuce a katunan ba, ba kuma ya tambaya. Gidan ƙarshe kawai yake duba. In ya gan shi cike sai ya washe baki ya ce, "Madalla, Jazuli! Wannan gidan ya yi ƙiba." In ya gan shi da rama sai ya tsuke fuska ya tambaya ko man janareta ne suke sha.

Jazuli ba wawa ba ne. Nan da nan ya gane inda Alhaji ke jin ƙaiƙayi. Daga ranar, aikinsa ya tashi daga kula da manhaja ya koma kiwon gidan ƙarshe.

Ya fara da taron safe. Ya ce a Abuja an koya musu cewa a tsaye ake yin sa, don kada a daɗe. Ya sa aka jingine kujeru a bango. Kowa zai amsa tambaya uku: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare maka hanya. Abin da ya kamata a gama kafin shayi ya huce, sai ya zama ana yi har rana ta take, saboda duk wanda ya faɗi kalma ɗaya, Jazuli zai mayar masa da goma, da misalai daga Abuja.

Wata safiya layi ya zo kan Munzali, ƙafafunsa sun yi tsami.

Jazuli ya ce, "Malam Munzali, me ka yi jiya?"

"Taro, Oga."

"Yau fa?"

"Ga shi ina yi."

"To me ya tare maka hanya?"

"Shi ɗin dai."

Kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Jazuli kuwa ya gyaɗa kai kamar an ba shi babbar shawara. Ya ɗauki kati ya rubuta "Binciken dalilin yawan taro", ya manna a allo, ya ce bayan azahar za a zauna a kai. Aka zauna ɗin kuwa, har la'asar. Da aka tashi ya cire katin ya kai gidan ƙarshe.

Yana da wata magana da ba ta barin bakinsa: "Abin da ba shi da kati bai faru ba." Akwai wata abokiyar aikinsu, Rumasa'u, wadda duk aikin da ya gagari kowa ita ake miƙa wa. Ran nan tana zaune ta ji ƙauri, ta duba ta ga soket ɗin bayan teburinta yana hayaƙi.

Ta ce, "Oga, soket zai kama da wuta!"

Jazuli bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kin buɗe masa kati?"

"Hayaƙi fa yake yi!"

"Shi ya sa nake tambaya. Ja za a ba shi ko ruwan ɗorawa? Ja na gaggawa ne."

Rumasa'u ta tashi da gudu ta kashe wutar ofishin gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa, Jazuli ya yi mata faɗa a gaban kowa, wai ta yi aikin da ba a ba ta ba. Sannan ya ɗauki jan kati ya rubuta "Ceto ofis daga gobara", ya sa sunansa a ƙasa, ya manna kai tsaye a gidan "An gama".

Ana cikin haka babban aiki ya faɗo musu. Hajiya Tabawa, mai gidan abincin nan da in ka wuce ta ƙofarsa da yunwa sai ka yi istigfari, ita ta zo da kanta. Mace ce da ta fara da tukunya ɗaya a bakin tasha, yanzu ma'aikatanta sun fi na wata ƙaramar ma'aikata yawa. Ba ta da boko mai zurfi, amma ba a taɓa jin wanda ya yi mata wayo ya kwana lafiya ba. Damuwarta ita ce masu kiran waya sun yi mata yawa. Yaran kicin suna rikita oda, wanda ya ce tuwon shinkafa a kai masa taliya, mai taliya a kai masa haƙuri. Ga azumi ya ƙarato, lokacin da kowa ke son abin buɗa-baki a minti ɗaya.

Ta ce wa Jazuli, "Ɗana, ni ban san kwamfuta ba. Ina son mutum ya danna waya daga gidansa, shugabar kicin ɗina ta ga abin da yake so, a kai masa da zafinsa. Kafin a ga wata nake so. Za ku iya, ko in tafi gaba?"

Jazuli ya dafa ƙirjin kwat ya ce, "Hajiya, ki ɗauka an gama."

Alhaji Mudi ya ja shi gefe ya ce masa wannan aikin shi ne rufin asirin kamfanin. In Hajiya Tabawa ta yaba, duk masu abincin garin za su biyo sahu. In ta kushe, gara ya mayar da ɗakin sito ya zuba kwano.

Jazuli ya zauna ya yanka aikin gunduwa-gunduwa, kamar mahauci ranar Sallah. Zaɓen launin maɓalli, kati. Sake zaɓen launin maɓalli, kati. Ɗaukar hoton faranti, kati. Goge hoton cokalin da ya fito a karkace, kati. Rubuta "Barka da zuwa", kati, sanya masa alamar motsin rai, wani katin daban. Kullum katuna na tururuwa zuwa gidan ƙarshe. Alhaji ya zo Juma'a ya ga har sun fara hawa kan juna, ya ce kai, wannan yaro ɗan albarka ne.

Kati ɗaya ne ya ƙi motsi. Shi ne na Rumasa'u, wanda aka rubuta wa "Oda ta tashi daga wayar mai saye ta isa kicin". Aiki ne mai cin rai, yana son mutum ya zauna shiru ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Amma duk lokacin da ta nutsa, sai ta ji Jazuli a kanta.

"Malama Rumasa'u, katin nan naki ya daɗe a tsakiya, yana ɓata mana fuskar allo. Ajiye shi tukuna, ki yi mana waɗannan ƙananan guda biyar, yau-yau su wuce."

Ta ce, "Oga, wannan ɗin fa shi ne aikin. Sauran duk kwalliya ce."

Ya ce, "A allo duk kati kati ne. Biyar ta fi ɗaya, ko a Abuja."

Da ya ga katuna irin nata sun fara taruwa a tsakiya, sai ya ɗauko abin rubutu ya ƙara wa allon gidaje. Bayan "Ana yi" ya sa "An kusa gamawa". Bayan shi "An gama, saura kaɗan". Da wannan ma ya cika, ya ƙara "An gama in sha Allahu". Munzali ya dubi allon ya ce, "Oga, ka bar ɗan fili a can ƙarshe, saboda 'Allah Ya jiƙan rai'." Jazuli ya ce ba a wasa da tsari.

Azumi na matsowa, Hajiya Tabawa ta fara kira. Duk kiran da ta yi, Jazuli zai tsaya gaban allo da waya a kunne, yana shafa katuna yana cewa, "Hajiya, da kin ga allonmu da kin yi barci da minshari." Ran nan dai ta gaji ta ce masa ita ba allo ta saya ba, ya faɗa mata rana. Bakinsa ya kufce ya ce Alhamis.

Ta ce, "To madalla. Alhamis ina tafe da rana, kuma kada wanda ya ci komai. Ni zan ciyar da ku abincin walima da hannuna."

Da ya ajiye waya Rumasa'u ta ce, "Oga, wace Alhamis ɗin?"

Ya ce, "Ta jibi."

Ta ce, "Wallahi oda ba ta zuwa ko'ina. In ka danna, a cikin wayar take mutuwa."

Ya ce kada ta damu, shi ya san yadda ake gabatar da aiki.

Safiyar Alhamis ya zo da sabuwar kwat. Ya tsaya gaban katin Rumasa'u ya daɗe yana kallonsa, kamar mai kallon ƙuda a cikin nono. Sannan ya juyo.

"Maɓallin aikawa yana nan a manhajar?"

Ta ce, "Yana nan."

"In an danna yana dannuwa?"

"Yana dannuwa, amma..."

"Yana nuna saƙon godiya?"

"Munzali ya sa masa, amma Oga..."

"To an gama. Isar oda kicin wani aiki ne daban, za mu buɗe masa nasa katin bayan Sallah."

Ya ɓalle katin da hannunsa, ya tsallake gidajen nan duka, ya manna shi a ƙarshe, ya danna da babban yatsa don kada ya faɗo. Allo ya koma fes, duk katuna sun taru a gefe ɗaya kamar awaki sun ga ruwan sama.

Babu wanda ya karya a ranar. Jazuli da kansa ya hana, har ya kori mai ƙosan da ke hawo musu da safe. Ya kira Alhaji Mudi ya ce ya zo da cikinsa a wofi. Ya leƙa ƙasa ya gayyaci masu gyaran fanka, wai su zo su ga yadda ake aikin zamani. Aka yi taron tsaye na musamman, aka maimaita inda kowa zai tsaya da lokacin da za a yi tafi.

Bayan azahar sai ga Hajiya Tabawa. Direbanta ya yi ta hawa da sauka yana jido kuloli, yana jerawa a bakin ƙofa. Ba a buɗe ba, amma ƙamshi ya riga ya ba da labari: dambun shinkafa da zogale, farfesun kayan ciki, waina da miyar taushe, ga jarkar zoɓo tana gumin sanyi. Munzali ya ce cikinsa ya yi wata ƙara har Alhaji ya waiga ya duba ko janareta ne.

Aka ba Hajiya kujera, ita kaɗai. Jazuli ya ɗauki ɗan sanda ya tsaya gaban allo. Ya fara daga tarihin tsarin, ya bi ta kan ma'anar launuka, ya bayyana bambancin "An gama, saura kaɗan" da "An gama in sha Allahu". Ya nuna gidan ƙarshe ya ce, "Hajiya, duk abin da kike gani a nan, an gama shi. Babu kati ko ɗaya da ya rage a baya."

Masu gyaran fanka suka yi tafi, idonsu na kan kuloli.

Hajiya ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Takardu sun yi kyau. Ba ni wayar."

Ya miƙa mata. Ta sa tabarau, ta duba. Ta ce hoton farantin ya yi kyau, har ya fi na gaske. Ta zaɓi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ƙara nama biyu, ta danna maɓallin aikawa. Nan take rubutu ya fito da furanni kewaye da shi: "Madalla! Abincinki yana hanya."

Alhaji Mudi ya ce, "Allahu Akbar! Kin gani ko, Hajiya?"

Ta ciro tata wayar daga jaka, ta kira shugabar kicin ɗinta, ta sa a lasifika kowa na ji.

"Lantana, kina gaban na'urar da yaran nan suka kafa miki?"

"Ina gabanta, Hajiya."

"Me kika gani?"

"Ba komai, Hajiya. Hoton faranti ne dai yake ta juyawa tun shekaranjiya."

Hajiya ta sake dannawa. Furanni suka sake fitowa. Ta danna na uku.

"Yanzu fa?"

"Yana nan yana juyawa, Hajiya. Ko in kashe in kunna?"

"Bar shi, kada ki tashe shi."

Ta kashe wayar, ta cire tabarau, ta dubi Jazuli. "Ɗana, wayarka ta ce abincina yana hanya. Wace hanyar ya bi?"

Jazuli ya yi gyaran murya, ya sassauta wuyan riga. Ya ce wataƙila matsalar sabis ce. Direban Hajiya, da ba a tambaye shi ba, ya ce sabis cike yake. Jazuli ya juya ya kalli Rumasa'u, irin kallon nan na neman wanda za a jingina wa kaya.

Hajiya ta bi idonsa. Ta ce, "'Yata, ke ce mai wannan ɓangaren?"

Rumasa'u ta ce, "Ni ce, Hajiya. Ban gama ba. Na kuma faɗa ban gama ba."

"To wa ya ce an gama?"

Har masu gyaran fanka sai da suka kalli mai kwat.

Jazuli ya yi ta maza ya matso. Ya ce, "Hajiya, a duba da idon basira. In aka bi lissafin allo, kusan duk aikin an yi shi. An zana, an tsara, an sa launi, maɓalli yana dannuwa. Abu ɗaya tak ya rage, shi ne odar ta isa kicin. Ɗan ƙaramin abu ne, kati ɗaya."

Hajiya ta kalle shi sama da ƙasa. Sannan ta juya wurin Alhaji Mudi, wanda gumi ya riga ya jiƙa masa hula. Ta ce ba don tana jin kunyarsa ba, da yau ta kwashe aikinta. Ta ce daga gobe yarinyar nan da dogon nan mai tabarau, wato Munzali, su koma ofishinta da ke bayan kicin su zauna, ba taro, ba sanda, ba mai leƙa su. In kafin a ga watan azumi oda ta fara isa wurin Lantana, ta gode. In ba ta isa ba, kowa ya kama gabansa. Alhaji ya ce ya yarda, wallahi ya yarda, ko yau ma su tafi.

Munzali ya ce sun kuwa kammala aikin kafin a ga wata, kuma har yanzu da shi gidan abincin ke aiki. Amma ba wannan ne ya sa ya ba mu labarin ba.

Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce wa direbanta, "Mayar da kulolin nan mota."

Direba ya sunkuya ya ɗauki ta farfesu, ya sauka da ita. Ya dawo ya ɗauki ta dambu. Masu gyaran fanka suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba ko sallama. Da aka zo kan jarkar zoɓo, Jazuli, wanda rabonsa da abinci tun daren jiya, ya kasa daurewa. Ya bi Hajiya har bakin matakala, hannu ɗaya a ciki, ɗaya riƙe da sandarsa.

Ya ce, "Hajiya, to... abincin walimar fa?"

Ta tsaya, ta waigo.

"Abinci ai an gama shi, ɗana. An dafa, an zuba, an hawo da shi har bene. Abu ɗaya tak ya rage, ya isa cikinku. Ɗauki katinka ka rubuta 'An ci', ka manna a allo, sai ku sha ruwa."